Muryar da za ta fitar da mutane: yadda ake saka na'urar magana ta gaggawa a gini saboda gobara

A wata falaza mai hawa uku da ke wajen Ƙofar Kaura a Katsina na taɓa danna ƙararrawar gobara da misalin sha ɗaya na safe, mai ginin yana tsaye kusa da ni. Gwaji ne, kuma da gangan ba mu sanar da kowa ba. Jiniya ta cika ginin. Telan da ke hawa na biyu ya ɗago kai, ya dubi silin, ya ci gaba da taka kekensa. Mai POS ya leƙo waje, a zatonsa motar asibiti ce ke wucewa. Wata mata da ke zaɓen atamfa ta toshe kunne ɗaya da gefen hijabinta, ta ci gaba da ciniki. Minti huɗu muna kallon agogo, mutum biyu kawai suka sauko, su ma don su ji wa ya taɓa abin.

"To ai ta yi ƙara, Injiniya," in ji Alhaji.

"Ta yi, ranka ya daɗe. Amma dubi wa ya fito."

Ba halin Katsinawa ba ne kaɗai. A birnin Niyukasil na Ingila an gwada irin wannan a wata tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, aka wallafa sakamakon a 1991. Da aka kaɗa ƙararrawa ita kaɗai, an kusa cika minti 15 mutane ba su gama fita ba, har aka dakatar da gwajin. Da aka yi musu magana ta lasifika, aka faɗa musu abin da ya faru da inda za su bi, tashar ta zama wayam cikin ƙasa da minti shida. Ƙararrawa iyakarta ta ce wani abu ya faru. Mene ne, a wane hawa, ta wace ƙofa za a fita, duk sai murya. Mu da muka tashi da kiran ladan da shelar sankira bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Na'urori biyu ne, kada ɗan kwangila ya haɗe maka su

Ta farko ita ce mai shela: amfilifaya, makirufo da lasifikoki a ko'ina cikin ginin, haɗe da akwatin gano gobara. Da na'urar jin hayaƙi ta kama, sai saƙon da aka naɗa ya fara fita da kansa, kuma wanda ke kula da ginin yana iya ɗaukar makirufo ya yi magana kai tsaye. Hanya ɗaya ce, daga mai faɗa zuwa mai ji.

Ta biyu ita ce tarhon gaggawa, wanda ake kira a amsa. Akwai babban akwati guda, mu a wurin aiki uwa muke ce masa, sai 'ya'ya da aka maƙala a bango a kowane hawa. 'Ya'yan iri biyu ne. Akwai jan tarho mai abin karawa a kunne, na 'yan kwana-kwana da masu kula da hawa. Akwai kuma mai madanni ɗaya, galibi kore, wanda ake danna shi a yi magana ba tare da riƙe komai ba, na wanda ba zai iya sauka matakala da ƙafarsa ba: mai keken guragu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai tsohon ciki, wanda aka yi wa tiyata jiya.

Akwai kayan da ke shigowa ƙasar nan da aka ƙera a kan ƙa'idar Ingila. Ta mai shela ita ce BS 5839-8, ta tarhon gaggawa BS 5839-9, kuma a jikin kayan kirki za ka ga EN 54-16 a kan akwatin sarrafawa, EN 54-24 a kan lasifika. In kayan Amurka ne, NFPA 72 za a ambata maka. Ba sai ka haddace su ba. Ka dai rubuta su a takardar kwangila, ka ce a nuna maka shaidarsu a jikin kaya kafin ka biya.

Wani zai ce ai kowa da wayar salula a aljihu. To lambar wa tsohuwar da ta zo ganin likita a hawa na uku za ta kira? Kuma matakalar kankare tana cinye sabis, haka take yi wa oba-oba ma.

Mataki na ɗaya: zagaya ginin da ƙafarka

Kafin a yi maganar kuɗi, ɗauki zanen ginin da biro, ka bi shi tun daga rufi har ƙofar waje. Mutum nawa ke ciki a lokacin da ya fi cika? Ana kwana a ciki? Baƙi ne da ba su san hanya ba, ko ma'aikata ne da suka san kowane lungu? Matakala nawa ce, kuma ina kowace take ɓullewa?

A nan zan faɗi abin da masu sayar da kaya ba sa faɗa. Shago ɗaya ko gida marar bene ba ya buƙatar wannan na'ura. Ƙaramar na'urar jin hayaƙi mai batir da tukunyar kashe gobara sun ishe shi. Inda take da amfani shi ne otal, asibiti, ɗakin kwanan ɗalibai, falaza mai hawa biyu zuwa sama, zauren biki da kasuwa. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san yadda wuta ke tsallake rumfa zuwa rumfa kafin labari ya kai layi na gaba.

A wannan zagayen za ka ci karo da abin da ya fi na'urar muhimmanci. Ƙofar baya da aka garƙame da kwaɗo saboda ɓarayi, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi Jibiya. Katon-katon na kaya da aka jibge a ƙarƙashin matakala. Tagogi masu ƙarafa ta ko'ina. Ka gyara waɗannan tukuna, don in murya ta ce wa mutane su bi ƙofar da ke kulle, ita ce ta kai su ga halaka. Ka kuma kai zanen ofishin hukumar kashe gobara su duba, su faɗa maka ta ƙofar da motarsu za ta iya shiga, don a can za a kafa uwa.

Mataki na biyu: mafaka da tarhonta

A kowane hawa banda na ƙasa, a jikin kowace matakala, ana ware wuri da ake kira mafaka. Faɗinsa aƙalla santimita 90, tsawonsa santimita 140, daidai zaman keken guragu ɗaya ba tare da ya tare wa masu sauka hanya ba. Sharaɗinsa ya kasance a bayan bango da ƙofa masu jure wuta na aƙalla minti 30. Yawancin benayenmu matakalarsu a buɗe take, babu ƙofa ko ɗaya tun daga ƙasa har sama, ta zama bututun hayaƙi ke nan. In naka haka yake, sai an fara sa ƙofar kafin a kira wurin mafaka. Baranda mai buɗaɗɗiyar iska da ke kaiwa ga wata matakalar ita ma tana iya zama mafaka, kuma ta fi sauƙin samu a gine-ginen nan.

Koren tarho ana kafa shi tsakanin santimita 90 zuwa 120 daga ƙasa, inda hannun wanda ke zaune zai kai. Jan tarho kuwa santimita 130 zuwa 140, na wanda ke tsaye. Na sha ganin an ɗaga koren har saitin fuskar mai sakawa, wai don kada yara su yi wasa da shi. Yara za su danna, babu makawa, maganinsu murfin roba mai ɗagawa. Kowane tarho a ba shi suna a jikin uwa da Hausar da maigadi zai gane, kamar "Hawa na 2, matakalar gabas". Lamba kawai ba ta gaya wa kowa komai da ƙarfe biyu na dare.

Mafaka wurin jira ne na ɗan lokaci. Sauko da mutumin da ke cikinta nauyin masu ginin ne, ba a barin sa wai sai 'yan kwana-kwana sun iso. Ka ware mutum biyu ƙarfafa a kowane zubin ma'aikata, ka saya musu kujerar sauko da marar lafiya ta matakala, su kuma koyi aiki da ita tun ana zaman lafiya.

Mataki na uku: lasifika

"Ai amfilifayar masallaci ma za ta yi," abin da kusan kowane mai gini ke fara ce mini ke nan. Ƙara kam za ta yi. Abin da ba ta yi shi ne tsaron kanta. Na'urar gobara tana auna wayoyinta dare da rana, in ɓera ya ci waya ko lasifika ta mutu, cikin daƙiƙa 100 za ta kunna fitila mai ruwan ɗorawa ta yi ƙara. Ta masallaci sai ranar da ladan ya hura ya ji shiru ake sanin ta lalace, kuma a can babu ran da ke cikin haɗari.

Ƙarfin murya, da ake aunawa da desibel, ya kai 65 a ko'ina, ko kuma ya ɗara hayaniyar wurin da desibel 5, duk wanda ya fi yawa. Inda ake barci, desibel 75 a saitin matashin kai, ƙofa a rufe. Ka auna hayaniyar a lokacin da ta fi yawa: janareta na aiki, fankoki na juyawa, injin markaɗe na maƙwabta na ruri. Kada ka manta duk lokacin da nisa ya ninka, murya na raguwa da desibel 6, shi ya sa ƙaho ɗaya a bakin ƙofa ba ya wadatar da dogon lungu.

Amma ƙarfi daban, fahimta daban. Duk wanda ya taɓa zama a sahun baya a masallacin da aka shimfiɗa wa tayil har bango ya san yadda huɗuba ke zama guguwa, kana jin liman amma ba ka tsintar kalma. Matakalar bene ta fi haka muni. Maganin shi ne ƙananan lasifikoki da yawa, kowace a rage mata murya, maimakon babba ɗaya da aka ƙure. Ƙaho na waje ne, filin ajiye motoci da layukan kasuwa. Akwai awon fahimtar magana da ake kira STI, daga 0 zuwa 1, ana son 0.5 ko sama. Ni bayan mita ta gama nata, nakan sa wanda bai taɓa jin saƙon ba ya tsaya a wuri mafi nisa, ya maimaita mini abin da ya ji. Sau da yawa kunnensa ya fi mitar gaskiya.

Lissafin amfilifaya ba shi da wuya. Ana jera lasifikokin a layin bolt 100, sai ka tara wat ɗinsu. Guda 20 masu wat 6 sun zama wat 120, ka ƙara kashi 20 cikin ɗari na sarari, ka nemi mai wat 150. A kowane hawa a ja layi biyu, lasifika ta farko a layin A, ta biyu a layin B, haka har ƙarshe, don in ɗaya ya ƙone ɗayan ya ci gaba da magana. Kurame kuma a sa musu fitila mai walƙiya, musamman a bayi da ɗakin kwana.

Mataki na huɗu: waya da batir, inda ake cin amana

Nan ne kuɗi ke zurarewa, don da an rufe silin babu mai sake gani. Wayar wannan aiki mai jure wuta ce, galibi ja. Akwai mai riƙe minti 30 a cikin wuta, akwai mai riƙe minti 120, wadda ita ake so ga jan tarho da dogayen benaye. Ranar da aka kawo ta, ka yanki ɗan guntu ka kankare bakinsa da reza. Tagulla ta gaske ja ce har ciki. In ka ga fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, a mayar da ita. Maƙallan da za su riƙe ta a bango su zama na ƙarfe, don na roba suna narkewa tun wuta ba ta yi nisa ba, wayar ta zubo ta tsinke ko ta sarƙe masu gudu. Kada kuma a cusa ta fayif ɗaya da wayar lantarki.

Na'urar ta samu layinta na kanta tun daga babban akwatin rarraba lantarki, da rubutu ɓaro-ɓaro a kan makunnin: "Na'urar gobara, kada a kashe." A sa mata abin kare tsawa da hawan wuta, don damina ɗaya ta isa ta ƙone allon cikinta.

Ƙa'ida ta ce batir ya riƙe na'urar awa 24 bayan an ɗauke wuta, sannan ya iya shela ta minti 30, ko maganar tarho ta awa 3. Ga misalin tarho: in yana jan amp 0.25 a zaune, sau 24 ya ba da 6. In yana jan amp 1 lokacin magana, sau 3 ya ba da 3. Jimla 9, a ninka da 1.25 saboda tsufan batir, ya zama 11.25, sai a sayi mai lamba 12Ah. Wannan lissafin waɗanda ɗauke wuta baƙon abu ne a wurinsu suka yi shi. A nan sai ka haɗa layin da inbata ko sola, don batirin da ake zuƙewa kullum ba ya kai ko'ina.

Sai zafi. Batirin nan a kan awon zafi 20 zuwa 25 aka tsara rayuwarsa, kuma duk ƙarin 10 yana raba kwanansa biyu. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Na taɓa buɗe wata uwa a ɗakin maigadi mai rufin kwano, a jikin bangon da rana ke duka tun azahar. Batiran biyu sun kumbura kamar burodi, gefen ɗaya ya tsage, farin gishiri ya fito a kan ƙusoshin, ga ƙurar hunturu ta yi shimfiɗa a kan allon har ana iya rubutu da yatsa. Koriyar fitila tana ci abinta don akwai lantarki a lokacin. Da na zare fiyus, ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba ta mutu. Shekarar batiran ɗaya da rabi. Takarda za ta ce maka shekara huɗu, kai ka rubuta ranar sakawa a jikinsa da maka, ka auna shi duk wata shida.

Mataki na biyar: abin da muryar za ta ce

Kalma ɗaya nake roƙon a kiyaye. Kada a ce "wuta". A ginin da aka wuni ana jiran lantarki, in lasifika ta ce akwai wuta, wani caja zai ɗauko. A ce "gobara".

Saƙon ya fara da ɗan sautin jan hankali, sannan magana, Hausa a gaba, Turanci a baya, a yi ta maimaitawa. Ga irin wanda nake naɗa wa otal:

"A saurara, a saurara. An samu gobara a wannan gini. Kowa ya fita yanzu ta matakala mafi kusa. Kada a shiga lifta. Kada a tsaya ɗaukar kaya. A taru a filin ajiye motoci."

Babu doguwar sallama, babu "muna masu baƙin cikin sanar da ku", babu "kada ku firgita", wadda ita kanta tsoro take sawa. A nemi mai murya a natse, irin ta masu karanta labarai a rediyo, a naɗa a ɗaki marar amsa-kuwwa. Jimlar barin kaya tana da muhimmanci a wurinmu. Ɗan kasuwa shagonsa zai nufa, ɗaliba kuma ba za ta fito ba mayafi ba ko me ake ciki, don haka a ɗakin kwanan mata nakan ba da shawarar kowa ta rataye hijabi ɗaya a bayan ƙofa.

Ginin a raba shi shiyya-shiyya, kowane hawa da madanninsa. A asibiti ko dogon bene ba a kwaso kowa lokaci ɗaya, matakala za ta cushe. Hawan da gobarar take da wanda ke samansa su fara fita, sauran su ji saƙon "a zauna cikin shiri". Makirufo kuma ya rinjayi saƙon da aka naɗa, don gobara tana sauya hanya. A benen Grenfell na Landan mai hawa 24, ranar 14 ga Yuni 2017, umarnin farko shi ne kowa ya zauna a ɗakinsa. Kusan awa biyu bayan tashin gobarar aka janye umarnin, amma ginin ba shi da hanyar da za a faɗa wa kowa a lokaci ɗaya, sai wanda ya bugo waya aka gaya masa. Mutum 72 suka rasu.

Mataki na shida: wanda zai amsa

Uwa ta zauna inda ba a rasa mutum, kusa da ƙofar da 'yan kwana-kwana za su shigo. A yawancin gine-ginenmu wannan mutumin Baba maigadi ne, kuma shi ne wanda ba a gayyata ranar da ɗan kwangila ke koyar da manaja. Ka zaunar da shi, na rana da na dare, ka ba shi tarhon a hannu. In fitilar hawa na biyu ta kama, ya ɗaga ya ce: "Na ji ki, Hajiya. Ku nawa ne a wurin? Akwai hayaƙi? Ki zauna nan, ga yara nan zuwa." Bayan kowane minti biyu ya sake kiranta, don shiru ne ke sa mutum ya bar mafaka ya faɗa cikin hayaƙi. Lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin kashe gobara mafi kusa a manna su a jikin akwatin da manyan baƙaƙe. Lokacin salla kuma a yi karɓa-karɓa, kada a bar wurin ba kowa.

Kowane mako a gwada tarho ɗaya, mako mai zuwa wani, har a zagaye su duka, a saki saƙon shela na 'yan daƙiƙoƙi bayan an sanar cewa gwaji ne. A tsayar da rana da lokaci ɗaya, nesa da lokacin kiran salla, ni Talata da hantsi nake zaɓa. Duk wata shida ƙwararre ya zo ya auna batir, ya bi kowace lasifika, ya busa ƙurar na'urorin jin hayaƙi. Ziyara ɗaya ta faɗo a ƙarshen hunturu, don ƙura ce ke sa su kukan ƙarya, kuma kukan ƙarya uku ya isa ya sa wani ya zare fiyus ya huta. A ajiye littafi mai bango mai ƙarfi kusa da uwa, a rubuta rana, abin da aka gwada, abin da aka samu da sa hannu.

In kuɗin duka bai samu ba bana, ka bi da bi: ƙofofi da matakala, sai akwatin gano gobara, sai tarhon mafaka, sai mai shela, amma a binne fayif ɗinsu duka tun kafin filasta. Kafin nan ka sayi lasifikar hannu irin ta masu tallan magani a kasuwa, guda biyu, ka liƙa saƙon nan a jikinsu da salatif, ɗaya a ɗakin maigadi, ɗaya a hawa na sama. Alhajin Ƙofar Kaura da su ya fara. A atisayen da muka yi bayan wata ɗaya, tela ne ya riga kowa saukowa, da tef ɗin awo a wuyansa.